Kafin Kukan Kanari Ya Ɗauke A Bakin Kogin Wudil

Aikina ƙidayar tsuntsaye ne da duba inda suke sheƙa, kuma yawancinsa a fadamun bakin Kogin Wudil nake yinsa, ba nisa da Sabon Gari. Kanari nake so mu tattauna a kansa, tsuntsun nan da muke ratayewa a keji a ƙofar shago don daɗin kukansa.

Ga yadda ake kama shi. A sa namiji guda a keji mai ɗakunan tarko a gefe, a rataye a reshen gawo da sassafe. Da ya fara rera kuka, sauran mazan da ke tsare da wurin sheƙarsu sai su taso faɗa, murfi ya rufe da su. Namiji ake nema, don shi ne mai waƙa. Matsalar ita ce an fi samun sa daga damina zuwa kaka, daidai lokacin da yake kai wa macen abinci tana kwance kan ƙwai. Na sha leƙa sheƙa na tarar da 'ya'ya sun bushe, bakinsu a buɗe, tururuwa ta rufe su. Mai tarko ya ɗauki tsuntsu ɗaya, amma gida guda ya kashe.

Kanari bai shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa ba tukuna. Sai dai haka aka ɗauki gauraka a da, lokacin da take cika dausayin Haɗeja da Nguru. Yau da ƙyar ake ganinta a dajin Najeriya. Ungulu ma, da ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin masu fuskantar haɗari mafi tsanani.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai waƙa a ƙasar Seshel, cikin Tekun Indiya, da nake yawan ba manoma labarinsa. A 1968 bai kai guda 30 ba a duniya, dukkansu a tsibirin Cousin, wanda aka mayar gonar kwakwa. Ƙungiyar da yanzu ake kira BirdLife ta sayi tsibirin, aka rage kwakwar, aka bar itatuwan asali suka sake tofowa. Da tsuntsayen suka cika wurin, aka kwashi wasu zuwa tsibirin Aride a 1988, daga baya aka kai wasu zuwa ƙarin tsibirai uku. Yanzu sun kai kusan 3,000. Ba a keji aka raya su ba, mazauninsu aka mayar musu.

Wannan ɗin muna iyawa. Manoman Maraɗi sun nuna hanya tun shekarun 1980 da sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tofo biyu ko uku a gyara, a bar su su zama bishiya. A nan kuwa gawo da kanya da tsamiya na tafiya buhun gawayi, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Roƙona ga masu kiwo: kada ku sayi kanarin daji daga saukar ruwa har a gama girbi. In ba mai saye, mai tarko zai ajiye kejinsa. Iyaye kuma, a ja wa yara kunne kan danƙon harbi da kwasar ƙwai. Mai gona a bakin kogi, in ka zo sassabe bana, ka ɗaga kai ka duba reshe kafin ka sa gatari.