KABURBURA BIYU A MAIJIRGI

Karatu: Habakuk 1:1 zuwa 2:14; Luka 13:1-5

Ya mai karatu, in ka taɓa bin hanyar mota daga Tasawa zuwa Damagaram, to, ka ratsa ta Maijirgi. A garin nan akwai kaburburan hafsoshin Faransa biyu, Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Labarinsu ba shi da daɗin ji. Amma muna so mu dube shi da Maganar Allah a buɗe, gama yana tā da tambayar da take cikin zuciyar kowane mai shan wuya: in Allah ne mai mulki, mai adalci kuma, don me yakan bar mugu ya yi abin da ya ga dama?

A shekarar 1899 mutanen nan suka ja runduna daga bakin Kwara, suka nufi Tafkin Cadi. Duk garin da ya hana su hatsi ko 'yan dako, sai wuta da bindiga. Cikin watan Afrilu suka auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu ta yi musu tsayayya. Ran 8 ga Mayu suka ci Birnin Ƙonni, suka karkashe maza da mata da yara. Tun kafin wannan, labarin ɓarnarsu ya riga ya kai Faransa, har an aiko Kanal Klobb ya bi sawunsu. Bai sha wuyar neman hanya ba, gama toka da gawawwaki suka nuna masa ita. Ran 14 ga Yuli ya riske su a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Sai sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe Chanoine ran 16 ga wata, Voulet kuma kashegari, a Maijirgi.

Watakila za ka ce, ai ga amsa nan, alhaki kwikwiyo ne. Da gaskiyarka, gama Galatiyawa 6:7 ta koya mana girbin mutum daga shukarsa yake fitowa. Amma kada ka tsaya nan. Jinin mutum biyu ya biya jinin Ƙonni? Akwai yaro ko ɗaya da ya komo wurin uwarsa? Kafin watan nan ya ƙare, sauran rundunar ta ci Damagaram. A 1902 hukumar Faransa ta rufe bincike, ta ce hafsoshin nan haukacewa suka yi. In abin da ya faru a Maijirgi shi ne iyakar shari'ar Allah, lalle mudun bai cika ba.

Annabi Habakuk ya san irin wannan damuwa. Ya kai kuka ga Ubangiji a kan zaluncin da ya cika Yahuza. Amsar da ya samu ta fi kukan nauyi: Allah zai tā da Kaldiyawa, mutane marasa tausayi, su mamaye ƙasar. Habakuk bai haɗiye maganarsa ba. Ya sāke tambaya, ƙaƙa Allah mai tsarki zai yi shiru mugu yana cinye wanda ya fi shi gaskiya? Ka lura, Ubangiji bai tsauta masa ba. Waɗansu suna tsammani kai wa Allah irin wannan kuka saɓo ne. Littafi Mai Tsarki bai ce haka ba. Wanda ya fid da zuciya ga Allah ba ya kai masa ƙara.

A sura ta biyu Allah ya nuna masa an riga an sa ranar Kaldiyawa, ko da za a ga kamar ta yi jinkiri, da kuma cewa mai kafa birni a kan jinin mutane ba zai kuɓuta ba. Kafin ranar, bangaskiya ce za ta riƙe mai adalci da rai.

A nan sai mu yi hankali da bakinmu. Mukan ce, haka Allah ya so, sa'an nan mu wuce. Gaskiya ce ba abin da yake faruwa a bayan idon Allah, ko wanda ya fi ƙarfinsa. Amma Allah ba ya sa kowa yin mugunta (Yakubu 1:13). Voulet ya yi abin da zuciyarsa take so ne, alhakin kuwa nasa ne. Kada kuma wani ya ce mutanen Ƙonni laifinsu ne ya ja musu. Habakuk annabi ne, an faɗa masa dalilin abin da ya auko wa Yahuza. Mu ba a faɗa mana na Ƙonni ba. Sa'ad da aka ba Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe a wurin yin hadaya, ya ƙi yarda da cewa sun fi sauran mutane zunubi. Sai ya juyo kan masu ba da labarin, ya gargaɗe su su tuba.

Wani zai ce, ai addininku a hannun Nasaran nan ya zo. Masu bishara na SIM sun zauna a Damagaram a 1924, shekara 25 bayan abin Maijirgi, mutane kuwa ba su manta ba. Ba laifi in sun yi zargi. Amma fitowa daga ƙasar da ake kiran sunan Almasihu ba ta mai da mutum mai binsa. Ka dubi shi Almasihun. Sojojin 'yan mulkin mallaka na Roma suka gicciye shi, da izinin gwamnan da ya san ba shi da laifi. Bitrus ya tsaya a Urushalima ya ce abin nan bisa ga nufin Allah ya faru, ya kuma ce wa mutanen su suka kashe shi (Ayyukan Manzanni 2:23). Bai sassauta ko ɗaya ba. Ta wurin wannan babban zalunci Allah ya buɗe ƙofar gafara, ya kuma tā da Yesu daga matattu, shaida ce cewa shi zai yi wa duniya shari'a a ranar da aka sa (17:31). A ranar nan za a ji ƙarar kowane yaron Ƙonni, har waɗanda ba mai tuna sunansu.

Sai dai ba littafin Voulet kaɗai za a buɗe ba. Za a buɗe na mai ɓoye gero da bazara yana jiran tsada, da na mai cin gonar marayu, da naka, da nawa. Jinkirin da muke gunaguni a kansa, shi ne haƙurin da yake ba mu zarafin tuba (2 Bitrus 3:9). Ka nemi gafara ga Almasihu tun yau.

In kuwa kai ne aka zalunta, ba mu ce ka share hawaye ka yi kamar ba kome ba. Ka nemi hakkinka ta hanyar gaskiya, ka bar ramuwa ga Ubangiji (Romawa 12:19). Da dare ka buɗe Habakuk sura ta uku, ka karanta addu'ar da ya yi yana rawar jiki, yana hangen gona ba amfani, garke ba dabba, Kaldiyawa kuma suna tafe. Ka yi taka addu'ar, ka ambaci abin da aka yi maka da sunansa.