Dutsen Kamaru, Dutse Mai Aman Wuta

Wannan darasi domin hakimai ne da malamansu, don su san yadda dutse mai aman wuta yake, da abin da ya wajaba a kan shugabannin da ke zaune kusa da shi.

Dutsen Kamaru yana bakin teku, garin Buea kuwa yana gindinsa. Tsawonsa ya ɗara ƙafa 13,000. A can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse har ya zama kamar dalma a tukunyar maƙeri. In wannan narkakken dutse ya sami tsaga, sai ya ɓullo waje tare da hayaƙi da toka, ya malala, ya huce, ya daskare. Da haka dutsen ya gina kansa, hawa bisa hawa. Ba baki ɗaya gare shi ba. Akwai ƙananan bakuna fiye da 100 a jikinsa.

A gindinsa kurmi ne, sama da kurmin sai ciyawa, ƙololuwar kuwa dutse ne tsirara, ga sanyi mai tsanani. Iskar teku takan yi karo da shi ta zubar da ruwanta, har a Debundscha akan sami kusan inci 400 a shekara, watau fiye da na Kano sau goma. Aman da ya daɗe yakan ruɓe ya zama ƙasa mai albarka, shi ya sa ake noman ayaba da roba da kwakwar manja a kewayensa.

Amma inda albarkar take, nan hatsarin yake. A 1909 amansa ya sa gwamnatin Jamus ta bar Buea ta koma Douala na ɗan lokaci. A 1922 narkakken dutse ya gangara har teku. A 1999 ƙasa ta fara girgiza tukuna, sa'an nan ya yi aman da ya datse hanyar mota kusa da Bakingili, aka kwashe mutanen ƙauyen.

Tuddan Biu da tafkin Tila a Nijeriya 'yan uwansa ne, sai dai wutarsu ta daɗe da yin shiru.

To, abin lura shi ne, irin wannan dutse yakan yi sallama kafin ya shigo. Aikin malami ne ya rubuta ranar girgiza ko hayaƙi, aikin hakimi kuma ya kai labari gaba, ya tanadi inda jama'a za su koma tun da sauran lokaci.