Yadda Tsohon Sojan Amurka Yake Ɗaukaka Ƙara Kan Diyyar Ciwon Hannu

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, wadda ake kira VA a taƙaice, tana biyan diyya duk wata ga wanda ya samu nakasa a sanadiyyar aikin soja, kuma da kashi cikin ɗari take auna nauyin nakasar. Idan ta ƙi amincewa da buƙatar mai ciwon hannu, ko ta yanka masa kason da bai kai wahalarsa ba, doka ta ba shi shekara guda daga ranar da ke jikin takardar hukunci ya nemi a sake dubawa, kuma kiyaye wannan wa'adi ne yake tsare masa kuɗin baya, wato waɗanda suka taru tun lokacin da ya fara nema.

Abu na farko shi ne a karanta takardar hukuncin a tsanake, a gano ainihin inda buƙatar ta faɗi. Ma'aikatar tana neman abubuwa uku kafin ta danganta ciwo da aikin soja: shaidar likita cewa ciwon yana nan a yanzu, shaidar rauni ko rashin lafiya ko wani lamari da ya faru a lokacin aiki, da kuma ra'ayin likita da ya haɗa biyun. Ba a buƙatar likitan ya rantse da tabbaci, domin ya wadatar ya nuna, tare da dalilansa, cewa yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi. Duk abin da takardar ta riga ta amince da shi ba sai an sake wahalar tabbatar da shi ba.

Abu na biyu, wanda nan ne masu ciwon wuyan hannu da yawa suke asara, shi ne fahimtar jadawalin kaso da ke kashi na 4 na kundin dokoki mai lamba 38. Lafiyayyen wuyan hannu yana lanƙwasawa baya har digiri 70, gaba kuma har digiri 80. A cikin jadawalin, lamba 5215, wadda ta shafi raguwar motsi, kashi 10 kawai take bayarwa, idan lanƙwasawa baya ta gaza digiri 15 ko hannun ya kasa lanƙwasawa gaba ya wuce saitin dantse, kuma ba ta wuce wannan kaso komai tsananin ciwon. Saboda haka wanda ya dage kan wannan lamba kaɗai yana neman ƙari, yana haƙa ne a inda babu ruwa. Kaso mai tsoka yana ƙarƙashin lamba 5214, inda gaɓar ta sandare gaba ɗaya, daga kashi 20 zuwa 50 gwargwadon yanayin da ta sandare, ko kuma ƙarƙashin lamba 8515 ta jijiyar da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu tana kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na huɗu. Matsewar wannan jijiya, wadda likitoci ke kira kafal tanel, tana samun kashi 10 idan mai sauƙi ce, 30 idan matsakaiciya ce, 50 idan ta tsananta, 70 idan jijiyar ta shanye, a hannun da mutum ya fi aiki da shi. A ɗayan hannun kuwa 10 ne da 20 da 40 da 60. Don haka wajibi ne a duba ko an rubuta daidai cewa mai ƙarar bahago ne ko mai amfani da dama, kuma idan hannuwan biyu ne suka kamu, a tabbatar an yi masa ƙarin da doka ta tanada.

Na uku shi ne a nemi rahoton gwajin da likitan ma'aikatar ya yi, a bi shi layi-layi. Ya kamata a ga an auna motsin da ma'aunin kusurwa, an rubuta digirin da zafi yake farawa, an maimaita motsin, an kuma yi la'akari da ranakun da ciwon ke tashi, kamar yadda kotun tsofaffin sojoji ta wajabta tun a shari'ar DeLuca ta 1995. Rahoton da ya tsallake waɗannan yana da naƙasu, kuma naƙasunsa hujja ce. A nan maganar mai ciwon da ta iyalinsa tana da nauyi, muddin ta ambaci abin da ido yake gani: kofin shayi da ke suɓucewa, maɓallin riga da ya gagara ɓallawa, farkawa cikin dare ana yarfe hannu saboda yatsu sun mutu. Irin wannan bayani ya fi amfanar mai yanke hukunci fiye da a ce kawai ana shan wahala. Idan jijiya ake zargi, gwajin lantarki da ke auna saurin tafiyar saƙo a cikinta yana ƙarfafa hujja ƙwarai.

Sai bayan wannan ake zaɓen hanya, domin dalilin faɗuwar ne ya kamata ya zaɓe ta. Dokar sabunta tsarin ɗaukaka ƙara ta 2017, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2019, ta tanadi hanyoyi uku. Wanda hujja ce ta gaza masa, kamar ra'ayin likita ko sakamakon gwaji, sai ya shigar da ƙarin buƙata da fom 20-0995 haɗe da sabuwar hujja mai alaƙa da batun. Wanda yake ganin hujjarsa ta cika amma an yi kuskure wajen aiki da doka, sai ya nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996, inda ba a karɓar sabuwar hujja, amma ana iya neman tattaunawa ta waya sau ɗaya a nuna kuskuren. Hanya ta uku ita ce hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washington, da fom 10182, inda alƙali zai duba fayil yadda yake, ko ya karɓi sabuwar hujja cikin kwana 90, ko ya saurari mai ƙarar da bakinsa. Wannan hanya ta fi ɗaukar lokaci, musamman idan an nemi zaman sauraro.

Bai dace mutum ya ɗauki wannan nauyi shi kaɗai ba alhali ƙungiyoyi irin su Disabled American Veterans da American Legion suna da wakilai da ma'aikatar ta tantance, masu taimakawa kyauta. Lauya kuwa ba ya da ikon karɓar kuɗi sai bayan hukuncin farko ya fito, kuma kashi 20 na kuɗin baya shi ne abin da doka take ɗauka a matsayin lada mai ma'ana. Idan alƙalin hukumar ma ya ƙi, ana iya wucewa kotun tarayya ta ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, amma wa'adinta kwana 120 ne kacal daga ranar hukuncin hukumar, kuma kotun ba ta karɓar sabuwar hujja, fayil ɗin da aka gina tun a baya kawai take dubawa.