Wanda Ake Tuhuma Ba Mai Laifi Ba Ne

Ku sani ƙara iri biyu ce. Akwai ta hakki, akwai ta laifi. In wani ya ci bashinka ya ƙi biya, ko kuna gardamar iyakar gona, wannan ƙarar hakki ce, tsakaninku ku biyu. Amma sata, da fashi, da yi wa mutum rauni, da kisan kai, cuta ce ga jama'a duka. Saboda haka hukuma ke ɗaukar ƙarar, wanda aka cuta kuwa ya tsaya shaida.

Ba a horon mutum sai a kan abin da doka ta rubuta laifi ne. A jihohin Arewacin Nijeriya littafin laifuffuka shi ne Final Kod, wanda aka fara aiki da shi a 1960. Daga shekara ta 2000, Zamfara da waɗansu jihohi suka ƙara da dokokin laifi na Shari'ar Musulunci.

Yawancin laifi ƙafa biyu gare shi, watau aiki da niyya. Ga misali. Mutum ya sauka daga mota, ya ɗauki buhun geron wani yana tsammani nasa ne. Aiki ya auku, amma ba niyyar sata, don haka ba ɓarawo ba ne. In kuwa ya san ba nasa ba ne ya saɓa ya tafi, to, ƙafa biyu sun cika.

Yanzu ga mutanen da za ka tarar a kotu.

Alƙali shi ke zaune a sama. Ba ya bayan kowa. Yana sauraron kowane gefe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Mai gabatar da ƙara, ko ɗan sanda ko lauyan gwamnati, shi ke faɗin laifin, shi ke kawo shaidu.

Wanda ake tuhuma shi ne wanda aka ce ya yi laifin. Za a karanta masa tuhumar, a tambaye shi ko ya amsa ko ya musa.

Lauya mai kare shi yana yi wa shaidu tambayoyi, don a tace gaskiya daga zato.

Shaida yakan yi alkawarin faɗin gaskiya. Abin da ya gani ko ya ji da kansa ake so, ba ji-ta-ji-ta ba. Shaidar zur laifi ce mai kai mutum kurkuku.

Magatakarda yana riƙe da takardun ƙara. Tafinta yana fassara, ba a kuwa karɓar ko kwabo ga wanda ake tuhuma saboda wannan.

To, duk waɗannan an tara su ne don abu guda. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar. Kawo hujja aikin mai ƙara ne. In mai hankali ya ji shaidun duka amma shakka ta saura, sai a sallami mutumin. Ba a tilasta masa ya ba da shaida a shari'arsa.

Sashe na 35 kuma ya hana a tsare mutum ba iyaka. In ba laifi mai hukuncin kisa ba, a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ana iya ba da shi beli, watau wani amintacce ya tsaya masa cewa zai zo ranar shari'a. Beli ba sallama ba ce.

Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara, daga kotun majistare zuwa Babbar Kotu, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli a Abuja.

Saboda haka in ka ji an yi ihun ɓarawo a kasuwa, kada ka ɗauki sanda. Ihu ba shaida ba ne, taron mutane kuwa ba alƙali ba ne. Dokar da ta kare wancan yau, ita za ta kare ka gobe in an yi maka ƙazafi.