Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake lissafa asarar gobarar daji daga sararin samaniya?

Tambaya: Ina yawan ji a rediyo cewa gobarar daji ta jawo asarar dala biliyan kaza, wai da hotunan tauraron ɗan Adam aka gano. Abin da ke can sama, ina ya san kuɗin abin da ya ƙone a ƙasa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, shakkarka tana kan hanya. Tauraro yana iya faɗin inda wuta ta ci, da girman wurin, da irin cin da ta yi. Kuɗin kuwa mutane ne suke ɗorawa daga baya, kuma a nan ne alƙaluma ke saɓawa.

Aikin yana farawa tun wuta na ci. Na'urorin MODIS da VIIRS da ke kan taurarin Amurka suna tsinkayo zafinta, hukumar NASA kuma ta wallafa wuraren cikin 'yan sa'o'i, kyauta. Idan wuta ta mutu, sai a koma ga Landsat, wanda ake harbawa tun 1972, ko Sentinel-2 na Tarayyar Turai, mai dawowa kan wuri guda duk kwana 5. Kyamarorinsu suna ganin hasken da idonmu ba ya gani. Ɗanyen ganye yana mayar da wani nau'insa sosai, toka da gawayi da ƙonanniyar ƙasa kuma suna mayar da wani daban. Sai a gwada hoton kafin gobara da na bayanta, bambancin ya nuna inda wuta ta lashi ciyawa ta wuce da inda ta cinye itatuwa ƙurmus. Daga nan a ɗora wannan taswira a kan ta gidaje, gonaki da layukan lantarki, a nemo farashin kowanne, a tara.

Dubi gobara biyu. A watan Nuwamba na 2018 wuta ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya, ta kashe mutum 85, ta ƙone gine-gine fiye da 18,000 a fili mai kimanin hekta 62,000. Kamfanin inshora na Munich Re ya ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 16.5. A 2015 kuma gobara ta ci hekta miliyan 2.6 a Indunusiya, Bankin Duniya ya ce asarar ta kai dala biliyan 16.1. Filin Indunusiya ya ninka na Paradise kusan sau arba'in, amma kuɗin kusan ɗaya. Dalili shi ne gidan Kalifoniya yana da tsada, yana da takardu, yana da inshora.

Sannan akwai asarar da ba ta fitowa a hoto ko kaɗan. Wani bincike da mujallar Nature Sustainability ta buga ya lissafa duk gobarar Kalifoniya ta 2018 a kan dala biliyan 148.5. Abin da wuta ta ƙone kai tsaye bai kai biliyan 28 ba. Sama da biliyan 32 na rashin lafiyar da hayaƙi ya jawo ne, sauran kuma kasuwanci ne da ya tsaya, har a jihohin da wutar ba ta je ba. Don haka idan ka ji alƙaluma biyu masu nisa a kan gobara guda, tambayi me kowanne ya sa cikin lissafi kafin ka ce wani ya yi ƙarya.

Abin da ya fi damuna yana nan gida. Kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake, yawanci da rani, idan ciyawa ta bushe iskar hunturu ta taso. Masu kunna wutar su ne mai sharar gona, mai farautar gafiya, da mai neman zuma. Wutarmu ƙarama ce amma ba ta ƙirguwa, MODIS kuma ba ya ganin ƙanana. Da aka sake auna shekarar 2016 da Sentinel-2, an sami filin da ya ƙone a kudu da Sahara ya zarce abin da MODIS ya nuna da kusan kashi 80 cikin 100.

Ko an ga filin daidai, wa zai sa masa farashi? Makiyayin Abalak ko Bermo a Nijar da wuta ta cinye masa makiyaya ba shi da rasit. A Nijar, ma'aikatar kiwo tana haɗa hotunan tauraro da awon ciyawa a daji duk ƙarshen damina don ta san abincin dabbobin da ake da shi. Da wannan ana iya cewa hekta kaza ta ƙone, kowace tana ɗauke da ciyawa kilo kaza, a buga da kuɗin harawa ko dusa a kasuwa. Hanya ce mai kyau, kuma da irin wannan lissafi ake kare kuɗin da ake kashewa wajen share hanyoyin tare wuta a daji. Sai dai ba ta kama saniyar da aka sayar da arha a watan Afrilu saboda yunwa, ko nonon da ya ƙafe, ko rigimar da ta tashi da garke ya gangara kudu kafin manoma su kwashe amfanin gona. Waɗannan sai jami'i ya taka ya je ruga, ya zauna da ardo, ya tambaya, ya rubuta.