Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya san yadda ake duba taya a wajenmu. An gama lodi, kwanduna sun hau kan juna har sun wuce bodi, sai yaron mota ya ɗauko guntun ƙarfe ya zaga yana ƙwanƙwasa tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya. In wata ta yi ƙarar da ba ta gamshe shi ba, ya ce, "Maigida, ta ciki ta fara sacewa." Direba ya dubi rana, ya dubi tumatir wanda ba ya jiran kowa, ya ce, "Bar ta, 'yar'uwarta za ta riƙe ta. Mu lallaɓa zuwa Zariya." Na ji wannan magana da kunnena ba sau ɗaya ba, a Kura da Bunkure da nan Kwanar Dawaki. To jama'a, irin wannan lallaɓawa ce ta taɓa cinye jirgin sama guda cike da alhazanmu, kuma ya kamata kowa ya san yadda aka yi.

Ranar Alhamis 11 ga Yuli, 1991, da safe, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an ɗauko hayarsa don jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Fasinja 247 ne a ciki, da ma'aikata 14. Babu wanda ya fita da rai.

Kwana huɗu kafin wannan rana, makanikai sun sa geji sun auna tayoyin, suka ga biyu daga cikinsu iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba. An yi niyyar canja su a Accra, sai saƙo ya zo cewa jigila ta yi latti, a dawo da jirgi Jidda maza, aka fasa. Abin da ya fi muni, masu bincike sun tarar an taɓa takardar awon: an goge lambar gaskiya an ɗora wadda za ta nuna komai lafiya. A safiyar tashi, babban makaniki ya nemi iskar naitirojin ya ƙara wa tayoyin, ba a same ta nan kusa ba, manajan jigila kuwa ba ya son a ƙara jinkiri. Aka sallami jirgi.

A nan sai mu ɗan tsaya mu fahimci ƙafar jirgi, don wanda bai san ta ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Irin wannan jirgi yana da tayoyi huɗu a ƙafar hagu, huɗu a ta dama, biyu a hanci. Iskar da ake ɗura wa kowace taya ta ninka ta ƙaramar mota wajen sau shida. Ba kuma iskar mai faci ake sa mata ba, naitirojin ce, domin ba ta ciyar da wuta kuma ba ta ɗauke da laima. Tayoyin nan biyu-biyu suke a kan sanda ɗaya, kamar dai na bayan babbar mota. In ɗaya ta sace, ido ba ya ganewa, saboda 'yar'uwarta ta ɗage ta. Amma nauyin da ya kamata su raba, yanzu ya koma kan guda. Tana lanƙwashewa tana miƙewa, tana ɗaukar zafi, ga kwalta ta Jidda a watan Yuli, ga tafiya mai nisa daga wurin lodi zuwa bakin titin tashi.

Abin mamaki, mai lafiyar ce ta fara fashewa. Jirgi ya fara gudu ke nan tayar da ta ɗauki kayan 'yar'uwarta ta tarwatse, mai sacewar ta bi bayanta. Ƙarfen rim ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama ragowar robar. Matuƙan sun ji ƙara da girgiza, amma suka ci gaba, jirgi ya ɗaga. Da suka naɗe ƙafafu kamar yadda aka saba, sai suka shigar da wutar cikin cikin jirgi da hannunsu ba su sani ba, don babu na'urar da za ta sanar da su gobara a kogon da ƙafafun ke shiga. Can kuwa bututun man da ke motsa birki da fukafukai suke, ga wayoyi, ga tankin mai a maƙwabtaka, ga daɓen da alhazai ke zaune a kai daga sama. Matuƙi ya juyo yana neman sauka, wuta ta riga ta cinye daɓen. Jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kamfanin kansa bai yi shekara biyu a bayansu ba, ya durƙushe a 1993.

Kada wani ya ce masu jiragen sama ba su san gyaran wucin gadi ba. Sun san shi sarai, har littafi gare shi. Kowane jirgi yana da jerin abubuwan da aka yarda ya tashi ko da sun lalace, kamar fitilar karatu ko wata na'ura mai mataimakiya. Sai dai da sharaɗi. Za a rubuta lalacewar a littafin jirgi, injiniya mai lasisi ya sa hannu, matuƙi ya karanta ya sani, sannan a yanka wa'adi: wani abin kwana 3, wani kwana 10. Wa'adi na cika, jirgi ya zauna a ƙasa sai an gyara. Akwai kuma abubuwan da ba sa cikin jerin ko kaɗan, taya mai ƙarancin iska tana cikinsu. Ni a ganina, laifin Jidda mafi girma shi ne goge lambar nan. Da an bar ta yadda take, da wani ya gani ya ce a'a. Da aka goge, sai aka rufe idon duk wanda zai zo daga baya.

Mu dawo gida. Manomin rani a Kadawa wanda mesar injin ban-ruwansa ta tsage, ya yanko tsohon tif ya ɗaure, bai yi laifi ba, ruwan Tiga ba zai jira shi ya je Kano ya dawo ba. In ɗaurin ya kwance, abin da zai rasa ruwan yini ɗaya ne. Amma a tambaye shi yaushe ya ɗaura, sai ya yi dariya ya ce tun bara waccan. Haka wucin gadi yake zama zaunanne a wajenmu, don ba a rubuta ba, ba a kuma yanka masa rana ba. A kan mesa, da sauƙi. A kan birki da sitiyari da taya, inda rayukan mutane suke, ba a yin haka.

Akwai kuma rabonmu mu fasinjoji. Mun sha ganin maniyyata a sansanin alhazai ko a filin jirgin Malam Aminu Kano, an ce jirgi ya sami matsala sai an gyara, ran kowa ya ɓaci, wasu har da ɗaga murya. Gajiya gaskiya ce, kwana a kan tabarma da jaka a matashi ba daɗi. Amma wannan hayaniya tana hawa kan jami'i, jami'i ya hau kan manaja, manaja ya hau kan makaniki, shi kuwa makaniki ba shi da wanda zai hau sai taya. Haka yake a tasha, in direba ya tsaya wajen mai faci aka fara "Malam, dare zai yi mana." Wanda ya ji an ce ana canja taya, ya nemi inuwa ya zauna. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu, sai dai ba a ɓuya a bayanta a bar abin da hannu zai iya.

Ga masu motoci, abin yi ba shi da tsada. Guntun ƙarfe da dukan ƙafa ba sa auna iska, a sayi geji a ajiye a mota. A auna da safe tun taya na da sanyi, don in ta yi tafiya ta ɗau zafi lambar takan hau ta ruɗi mutum. A auna ta ciki, wadda sai an durƙusa ake kai wa gare ta, don ita ce ake tsallakewa. In za a sayi taya 'yar gwanjo, a duba gefenta: akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In an ga 2316, to a mako na 23 na shekarar 2016 aka yi ta, komai kyan zanenta kuwa. Abin da aka ɗaure da waya ko roba don a isa gari, a rubuta shi a takarda da kwanan wata, a liƙa a gaban direba inda wanda zai karɓi motar gobe zai gani.