Darasin Tarihi: Rabon Ganima da Ya Haɗa Kanta da Askiya Yaƙi

Mutanen Yauri sun san abin da kan faru in an yi noma tare, ranar rabo kuma aka hana wani kasonsa. Irin wannan rigima ta taɓa tashi tsakanin manyan sarakuna biyu, yau shekara ɗari biyar da 'yan kai.

A wancan zamani daular Sanwai ce mafi ƙarfi a yamma. Babban birninta Gawo, a bakin kogin Kwara. Sarkinta Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493. A ƙasar Kabi kuwa, wajen Argungu ta yanzu, akwai wani jarumi ana ce masa Kanta. Shi ne shugaban garin Leka, yana kuma bin Askiya.

A 1515 Askiya ya tashi yaƙi zuwa Agadas. Kanta ya raka shi da mutanensa. Suka ci nasara, suka juyo da ganima mai yawa. Kanta ya yi ta sauraron a kira shi rabo. Shiru.

Sai ya tafi wurin Dendi-fari, wato hakimin da Askiya ya ɗora bisa ƙasar Dendi, ya tambaye shi. Dendi-fari ya ja masa kunne, ya ce in ya sake ta da maganar, za a ɗauke shi ɗan tawaye. Kanta bai tanka ba, ya koma masaukinsa.

Nan mayaƙansa suka taru, suna tambayar ina rabonsu. A nan Kanta ya nuna wayo. Bai yi gaggawar zare takobi ba. Ya gaya musu abin da aka ce masa, ya ce shi kaɗai ba zai ɗauki sunan tawaye ba, sai in sun tsaya bayansa. Suka ce sun tsaya. Sannan ya koma wurin Dendi-fari. Aka sake hana shi. Faɗa ya kaure, rundunar Sanwai ta kasa karya shi. Malamin Tumbutu, Abdurrahman Sa'adi, shi ya rubuta wannan labari cikin littafinsa Tarihus Sudan.

A 1517 Askiya ya aiko da wata runduna, ta koma hannu banza. Bayan shekaru wani sarkin Sanwai, Askiya Muhammadu Bankan, ya zo da kansa, aka kore shi a Wantarmasa. Da Dendi-fari ya ba da kason nan tun farko, da ya fi wa Sanwai sauƙi ƙwarai.

Kanta ya gina birnin Surame, ya kewaye shi da ganuwar duwatsu. Kufansa na nan kusa da Sakkwato. Kabi ba ta ƙara biyan Gawo gandu ba har 1591, shekarar da bindigogin Maroko suka karya Sanwai a Tondibi.